Jirgi Ɗaya, Robar Magani Ɗaya

Litinin, 5 ga Mayu 2008, bayan la'asar

Yanzu muka dawo daga asibiti da Yaya Zayyanu, kaina kamar zai tsage. Tun ƙarfe bakwai muke kan benci, sai sha ɗaya da rabi aka kira mu, ga zafin Birnin Kebbi da ba ya jin magiya. Izinin awa biyu na nema a makaranta, na cinye yini guda. Ban ma san wanda ya tsare min 'yan aji huɗu ba.

Likita ya ɗauki takardar gwajin jini ya daɗe yana kallonta. Lambar garkuwar jikin Yaya, wadda bara ta kai ɗari uku da arba'in, yau ɗari da goma ce. Wata shida da suka wuce ɗari biyu da 'yan kai ce, aka ce mu jira mu gani. To mun gani. Kilo bakwai ya zube, bakinsa ya yi fari fat, gudawa ta ƙi tsayawa.

Zan rubuta sunan sau ɗaya don littafin nan ya san abin da ake ciki: ƙanjamau. Shi ya ɗauke matarsa Sadatu shekara uku da suka wuce, shi ya sa 'yarsu Ni'ima ta dawo hannuna. Ita Allah ya tsare ta. Daga yau "ciwon" kawai zan riƙa rubutawa.

Likita ya ce ga dukkan alamu ƙwayar cutar ta saba da maganin, ta daina jin sa, kuma yawanci tsallake sha ne ke jawo haka. Ya tambayi Yaya ko yana tsallakewa. Yaya ya ce a'a. Ya juyo kaina, tunda ni ce na sa hannu a matsayin mai sa masa ido. Na ce bai taɓa ba, har da ɗaga murya. Ƙwaya sittin ce a roba, ɗaya da safe ɗaya da yamma, kuma duk wata robar na dawowa wayam, ranar da ya kamata, ba saura ba gibi. Ni nake karɓa a nan in kai masa Argungu, don kada idon sani ya gan shi a layi.

Akwai magani na biyu. Amma kaɗan ake kawowa, kuma likita ya faɗa mana gar da gar cewa bayansa babu na uku a hannunsu. Ba zai rubuta ba sai ya san abin da ya lalata na farko. Ya haɗa mu da Sista Ɗayyaba, mai ba da shawara kan shan magani, za a zauna da ita sau uku.

A tasha Yaya ya ce in daina haɗe rai, wai fuskata na korar fasinja. Mutum yana zubewa a tsaye, yana min barkwanci.

Laraba, 7 ga Mayu, da safe

Na kira shi. Ya ce ya sha. Kullum ya sha.

Alhamis, 8 ga Mayu, lokacin tara

Na yi wa wata yarinya tsawa a aji a kan ta manta fensir, har ta yi kuka. Ba da ita nake ba.

In ba ya tsallakewa, to me ya faru? Ko maganin ne jabu? Ko zafi ya lalata shi a ɗakin nan nasa mai rufin kwano? Na ce wa Malam Taufiq, maigidana, ni dai na fi zargin maganin. Ya ce in ji a hankali da zargi, ya kuma tambaye ni yaushe rabona da in ga Yaya ya haɗiye ƙwaya da idona. Na ce masa miya na ƙonewa.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan azahar

Takardar nan da nake sa wa hannu duk wata, akwai wani layi a ƙasanta. Ba yau zan yi maganarsa ba.

Gobe Argungu, in kwana biyu.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan la'asar, Argungu

Goggo ta tare ni tun daga zaure da faɗa: na rame, boko ya shanye ni, ban kawo mata Ni'ima ba. Goggo ƙanwar babanmu ce, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar Sadatu. Ba ta san sunan ciwon ba. A wajenta basir ne da ya yi tsanani, ƙwayoyin kuma na ƙarin jini ne. Mun bar ta a haka shekara biyu.

Yaya na kwance a tabarma ƙarƙashin darbejiya. Sati uku ke nan bai shiga ruwa ba. Mutumin da tun ina yarinya ban taɓa ganin rana ta fito ta same shi a tudu ba.

Amma gidan bai rasa kifi ba. Goggo ta ce Arzika ke fita shi kaɗai, shi ne tuƙi shi ne jefa birgi, ragar nan ta kamun kifi, in ya dawo ya zube abin da ya samu a bakin gulbi ya kasa biyu, ya kawo kashin Yaya har gida. Arzika abokin jirginsa ne tun kafin a yi min aure. Haka masunta ke yi: in mutum biyu suka haɗa jirgi, abin da ya shiga cikinsa na su biyun ne, ko ɗaya na kwance. Lokacin jinyar Sadatu ma haka ya yi wata huɗu. Goggo ta yi ta sa masa albarka, ta ce shi ma bara ya sha fama da tari da rama har an fara cire rai, sai ga shi ya murmure.

Na ƙirga ƙwayoyin robar yana barci. Daidai suke cif. Haushi ya kama ni da suka zama daidai, don da na samu gibi da na san wanda zan yi wa faɗa.

Lahadi, 11 ga Mayu, da hantsi

Dole in rubuta wannan.

Jiya gab da magariba Arzika ya zo da karfasa da tarwaɗa a kwando. Muka gaisa, ya tambayi Malam da yara, ya shige zaure wajen Yaya. Ƙarfe bakwai ta kusa, na ɗebo ruwa a moɗa na bi su don in ga an sha na yamma a gabana. Ina isa bakin ƙofa na ga Yaya ya zaro ƙwaya daga aljihu ya sa a tafin hannun Arzika. Arzika ya yi bismilla ya jefa a baki, ko ruwa bai nema ba. Da ganin yadda suka yi, ba jiya aka fara ba.

Na jira sai da Arzika ya fita. Sannan na shiga na ajiye moɗar da ƙarfi har ruwan ya fantsama masa a riga. Na tambaye shi tun yaushe. Bai ko yi yunƙurin musu ba. Tun farkon damanar bara, in ji shi. Ya ga alamun da ya sani a jikin Arzika, irin waɗanda ya gani a jikin Sadatu da nasa. Ya roƙe shi su zo asibiti, Arzika ya ce gara a ɗauki gawarsa da a gan shi a wannan layin, yana da surukai a gari, yana da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba. Shi ke nan Yaya ya yanke hukunci shi kaɗai: na safe nasa, na yamma na Arzika.

Na ce masa abin da likita ya ce. Na ce ya kashe maganin da hannunsa. Na faɗi wasu maganganun da ba a faɗa wa babban wa, ba zan maimaita su a nan ba.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Rauda, ke malama ta, kin san boko, amma ba ki san jirgi ba. Shekara ashirin da biyu, dut abin da yas shiga jirginmu biyu muka kasa shi. Ran da munka samu kifi guda tal, tsaka munka yanka shi. In sha magani sahe da marece in miƙe, shi ko shina tuƙa ni shina tari? Da wane ido za ni dubinai?"

Na ce magani ba kifi ba ne. Ya ce shi bai ga bambanci ba, tunda ga Arzika nan ya tashi.

Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya tashin. Goggo na dama fura a tsakar gida tana tambaya me muke ta ƙus-ƙus.

Litinin, 12 ga Mayu, da yamma

Kusan wata goma sha ɗaya. Ina ta kai roba cike ina karɓo wayam, ina yabon kaina.

Talata, 13 ga Mayu, bayan asuba

Malam ya ce in faɗa musu gaskiya a asibiti. Da sauƙi a bakinsa. In na faɗa suka ce mutumin da ke rabon magani ba za a ba shi na biyun ba fa? In na yi shiru suka ba shi, ya ci gaba da kasawa biyu, shi ma ya lalace fa? Bayansa babu wani.

Na kira Yaya na ce ya yi wa Allah ya sha na yamman da kansa, ko na sati ɗaya ne. Ya ce to. Na san wannan "to" ɗin tun ina goye.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan azahar

Zama na farko da Sista Ɗayyaba. Yaya ya zo a motar safe, ya sa babbar riga don ta ɓoye ramar, sai ta ƙara tona shi.

Sista mace ce mai sanyin magana, irin sanyin da ke sa mai laifi gumi. Ta tambaye shi ko yana noman albasa. Ya ce yana taɓawa da rani. Ta ce in ya fesa maganin ƙwari rabin awo, me ke faruwa? Ya ce raunana su mutu, masu taurin kai su rage. Ta ce su kuma in suka hayayyafa? Ya ce feshin ba ya ƙara kama su, ko ka cika awon. Ta ce to haka ciwon nan yake da rabin magani.

Ya gyaɗa kai, ya ce wallahi Sista ta iya bayani. Shi da kansa ya ba da amsar duka, ya fito yana tambayata inda ake sayar da ƙosai.

Kafin mu fito Sista ta juyo kaina. Ta tambaye ni ko akwai abin da na lura da shi. Na ce babu.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci

Na koma ni kaɗai na faɗa mata komai.

Har da layin nan na ƙasan takarda. Yana cewa ne na shaida mai jinya ya sha maganinsa yadda aka tsara. Wata ashirin da huɗu ina sa hannu a ƙarƙashinsa daga unguwarmu Badariya, shi yana Argungu. Watannin farko ina kiransa safe da yamma. Da ya yi ƙiba ya koma ruwa, sai na koma ranar Juma'a kawai, daga baya ma sai in na tuna. Na ga roba wayam na ɗauka shaida ce. To na rubuta, in huta.

Na zaci za ta yi faɗa. Da ta yi da na fi jin daɗi. Cewa ta yi ba a kanmu aka fara ba, ta ga miji da mata, ta ga uwa da 'ya, amma abokan jirgi yau ta fara ji. Sannan ta ƙara min wani nauyin: rabin da Arzika ke sha shi ma bai wadatar ba, mai yiwuwa tasa ƙwayar cutar ita ma tana sabawa, tashin da ya yi na ɗan lokaci ne. Kuma ba a ma taɓa gwada shi ba. Ga matarsa Hodi, wadda ba ta san hawa ba ta san sauka ba.

Ta shiga wajen likita ta fito. Ba za a hana Yaya ba, amma sai sun tabbata shi kaɗai zai sha, duka, a gaban idon wani. Arzika kuma ya zo a gwada shi a buɗe masa nasa katin. Ranar Talata ake karɓar sababbi. Ta rubuta a 'yar takarda ta ba ni.

Lahadi, 18 ga Mayu, da yamma, a mota

Na sake zuwa Argungu, na dawo a banza.

Da Yaya ya ji na faɗa a asibiti sai ya tashi zaune, ƙarfin da ban san yana da shi ba. Wai na tona asirin mutumin da ya ba shi amana. Na ce asibitin ko fuskarsa ba su sani ba. Na ce ya kawo shi ranar Talata, ni zan tsaya musu a layi. Ya ce ya yi alkawari ba zai ƙara yi masa maganar asibiti ba, kuma shi ba ya tashin alkawari. Na ce to in aka ba ka sabon fa?

Ya ce, "In dai muna jirgi guda, ba ni shan abu in hana mai. Kar ki sa in yi miki ƙarya."

Ka ji mutumin da ya yi wata goma sha ɗaya yana min ƙarya.

Goggo ta cusa min busasshen kifi a jaka, na kashin da Arzika ya kawo. Duk motar ta ɗauki ƙamshinsa.

Talata, 20 ga Mayu, da safe

Ni'ima ta tambaye ni yaushe babanta zai zo ya kai ta ganin gulbi. Na ce ta je ta wanke kwanuka.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Yaya bai zo zama na biyu ba. Goggo ta ari wayar maƙwabta ta kira: jiya ya yanke jiki ya faɗi a hanyar bayi, sai ɗauko shi aka yi. Ta ce ta samo masa jiƙo mai kyau na basir. Na ce ta ajiye jiƙon. Ta ce 'yan boko ba mu yarda da komai ba sai allura.

Sista ta ɗaga zaman. Ta ce lokaci ba ya gefenmu, kamar ban sani ba.

Na gaji da lallashin mutum ya yarda ya rayu.

Asabar, 24 ga Mayu, da yamma, Argungu

Yau na yi abin da ban taɓa yi ba. Ban biya gida ba, daga tasha na wuce bakin gulbi, mace ni kaɗai da jakar makaranta a tsakiyar masunta. Kowa ya bar abin da yake yi yana kallona. Ruwa ya ja baya sosai, jirage na kife a kan yashi. Na sami Arzika a gefe yana ɗinkin birgi, na ce ina son magana, muka matsa inda ba mai ji.

A mota na shirya maganganu masu zafi. Duk na faɗe su. Na ce abokinsa na mutuwa. Na ce maganin mutum ɗaya ne, an auna shi ne don jiki ɗaya, rabin da yake karɓa kullum shi ya ba ciwon damar sabawa. Na ce saura magani ɗaya tak a duniyar Yaya, kuma ya rantse shi ma sai ya raba.

Bai katse ni ba. Zaren na hannunsa, ya daina ja. Da na yi shiru ya ce, "Malama, shi yac ce man likita na ba shi da ƙari. Yac ce nashi na nan daban." Sannan ya ce, "Ashe nashi na nika sha?"

Na ce nasa ne.

Wallahi da na san bai sani ba da ban zo da wannan bakin ba. Na zo in yi faɗa da mai cin rabon ɗan'uwana, na tarar da mutumin da shi ma aka yi wa ƙarya. Na miƙa masa takardar Sista, na ce ranar Talata ce, ba wanda zai sani, ni zan jira shi a tasha, ya taho da Hodi in zai iya. Ya karɓa ya ninke ta ƙanana ya sa a cikin hularsa. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Abin da ya ce kawai, ya san Zayyanu, in dai suna jirgi ɗaya ba zai iya haɗiyewa shi kaɗai ba.

Na kwana gidan ban gaya wa Yaya inda na biya ba. Arzika bai zo da yamma ba, wani ya aiko da kifin. Yaya ya riƙe ƙwayar har aka kira isha'i yana kallon ƙofa, sannan ya mayar da ita roba.

Talata, 27 ga Mayu, lokacin tara

Na je tasha kafin makaranta. Mota uku suka zo daga Argungu. Arzika ba ya ciki.

Laraba, 28 ga Mayu, bayan azahar

Goggo ta kira tana haki. Arzika ya fita daga jirgin. Jiya da safe ya kira dattawan masunta biyu shaida, ya kwashe birginsa da sandar tuƙinsa, ya ce a gaban kowa ya gaji da yi wa kwantacce aiki, zai koma jirgin Tamba mai inji. Unguwa ta ɗauka. Goggo ta kira shi butulu, ta kira shi abin da ya fi haka, ta ce dama ta daɗe tana ganin idonsa bai yi mata ba. Goggon da sati biyu da suka wuce take sa masa albarka.

Na riƙe wayar ina jin ta tana tsine masa. In na wanke shi sai na faɗi dalili, dalilin kuma shi ne abin da ya zaɓi a zage shi a kai don kada a sani.

Laraba, bayan la'asar

Yaya ya kira. "Kin je gulbi." Na ce na je. Ya ce, "To kin gama aikinki." Ya kashe.

Asabar, 31 ga Mayu, da yamma

Mun ɗauko Yaya. Malam ya samo mota, muka shimfiɗa masa a baya. Gidan ba kifi, ba mai shigowa, ba abin da zai riƙe shi. Bai yi gardama ba, kuma rashin gardamar ya fi gardamar ciwo. Goggo za ta zauna wajen 'yarta kafin a ga hali.

Na gyara masa ɗakin baƙi. Ya gaisa da Malam, ya rungume Ni'ima ya daɗe, ya yi hira da ita a kan makaranta. Ni in na shigo sai ya juya fuska bango.

Litinin, 2 ga Yuni, da safe

Ya sha a gabana. Bai kalle ni ba.

Talata, 3 ga Yuni, bayan azahar

Na fita lokacin tara na hau kabu-kabu zuwa asibiti, na bi bencin sababbi ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman ɓataccen takalmi a masallaci. Wasu sun rufe fuska da rawani, sai na duba hannuwa. Babu hannun masunci ko ɗaya.

Hedimasta ya ce fitata ta yi yawa. Na ce ya rubuta.

Alhamis, 5 ga Yuni, da yamma

Zama na biyu. Sista ta tambaye shi kai tsaye ko akwai wanda zai ba wa in aka ba shi sabon. Ya ce babu, ba shi da kowa yanzu. Ta rubuta tana jin daɗi. Ni na kalli silin.

Ruwan sama ya sauka sosai da muka dawo. Ya zauna bakin taga yana kallo, ya ce wa Malam nan da sati uku gulbi zai fara ɗaukowa. Ina tsaye da kwanon kunu, ba da ni ake ba.

Lahadi, 8 ga Yuni, da hantsi

Na yi daidai. Na sake dubawa ta kowane gefe, na yi daidai. To me ya sa ba na iya cin abinci?

Talata, 10 ga Yuni, bayan azahar

Na sake zuwa bencin. Babu shi.

Wata 'yar Argungu da muke koyarwa tare ta ce ta ji an ce Tamba na ƙorafi sabon abokin jirginsa ba ya da ƙarfi, tari ya dawo masa. Ta faɗa ne cikin hira, tana ɓare gyaɗa. Na tashi na shiga aji tun ba a kaɗa ƙararrawa ba.

Alhamis, 12 ga Yuni, bayan magariba

An ba shi. Zama na uku ya cika, likita ya rubuta. Ya sake faɗa a gabanmu cewa wannan ne na ƙarshe da ke hannunsu, in aka yi wasa da shi ba shi da abin da zai ce mana. Sista ta turo min takarda in sa hannu. Na karanta ta tun daga sama har ƙasa, ina bi da yatsa kamar 'yar aji ɗaya, sannan na sa. Robobin na cikin akwatina, makullin na wuyana.

Ƙarfe bakwai na shiga da ruwa. Uku ne na yamma, manya. Na zuba masa a tafin hannu na tsaya a kansa. Ya daɗe yana kallonsu, har na fara jin haushin nan yana taso min, na buɗe baki zan yi magana.

Sai ya ɗago ya kalle ni, karo na farko tun da ya shigo gidan nan.

"Rauda, shi hwa? Wa za shi ba shi yau?"

Na ce ya sha, ruwan na hannuna. Ya sa su a baki ɗaya bayan ɗaya, ya haɗiye duka ukun, ya buɗe bakin ya nuna min ba tare da na ce ya buɗe ba. Sannan ya ci gaba da kallona yana jira.

 Na ɗauki moɗar na fito.